Zobe a Tsakiyar Gwanjo

Ku da kuka cika min akwatin saƙo makon jiya da "Evanthia ki yi haƙuri da Stratos, irinsa ba su da yawa," ku matso kusa. Na ga wadda ta rubuta cewa in ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa zan tura miki, har da adireshin ofishinsa da sunan turarensa. Amma ki fara karanta abin da ya faru ranar Asabar.

Ga waɗanda suka shigo yau: shekarata ashirin da takwas, ina aiki a kantin magani, kuma gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙololuwar wani dogon bene a unguwar Southbank ta birnin Melbourne, hawa na hamsin da takwas. Babana ɗan kankare ne. Shekara arba'in yana zuba siminti a garin nan tun saukowarsa daga jirgin ruwan da ya kawo shi daga Girka, har ginshiƙan wannan benen da hannunsa aka zuba su. Ranar da aka gama ginin ya saka kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya je ya sayi saman gaba ɗaya. Ya ce ya gaji da gina wa mutane sama yana kwana a ƙasa.

Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa. Ya bar gidan da sunana da na Mama, rabi da rabi. Ba a sayarwa sai da hannunmu mu biyu. Ku riƙe wannan.

Mama ba ta taɓa son gidan ba. Lif na sa ta jiri, ba maƙwabciyar da za ta leƙa ta katanga su yi gulma. Burinta ta koma Oakleigh, unguwar Girkawa, inda za ta taka da ƙafa zuwa coci ta dawo ta yi faɗa da mahauci. Na yarda a sayar, da sharaɗi ɗaya: ba za mu sauka ƙasa da dala miliyan shida da dubu ɗari biyu ba. Shekara biyu da suka wuce an taya wa Baba bakwai, ya yi dariya ya ba mutumin kofi. To yanzu kuɗin ruwan banki ya hau, masu saye daga ƙasashen waje sun ɗauke ƙafa, ga wani sabon bene da ke tasowa a gabanmu yana cinye mana teku taga bayan taga. Na san kasuwa ta juya. Ni ba mahaukaciya ba ce. Amma gumin ubana ba kayan gwangwan ba ne.

Dillalinmu kuwa shi ne Stratos. Ɗan ƙawar Mama ta coci, shekara talatin da huɗu, fuskarsa na manne a kowace tashar tarago da haƙoran nan nasa farare kamar tangaran. Wata takwas yana nemana, wata takwas Mama na zuba min shi a kunne safe da rana. "Yaro mai ladabi. Yana sumbatar hannun Fada, limamin coci. Ke me kike jira, sai kin fara rina gashi?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na fara sonsa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Mako uku da suka wuce ya ɗauke ni zuwa shagon zinari a Oakleigh. Na ɗauka zobe ne. Ashe zai zama uban baftismar 'yar wani abokinsa, kuma kun san uban baftisma shi ke sayen gicciyen yaro. Ya ce, "Kukla, ke ce mai ido, zaɓa min." Haka yake kirana, wai 'yar tsana. Na kusa awa guda ina juya tire. Na zaɓi wani ɗan ƙarami mai shuɗin dutse a tsakiya, na sa maƙerin ya zana harafin K a bayansa, don sunan yarinyar Kaliopi. Da na ce zan bi shi bikin sai ya shafa min kumatu. "Can garin Geelong ne, 'yan gida kawai. Za ki gaji a banza."

Na bar maganar. Wawiya.

Safiyar Asabar na tashi a gidan da ban gane ba. Tun wata guda da ya wuce Stratos ya kawo wata mata mai shirya gidaje don masu saye, doguwa mai ƙaton tabarau. Ta zagaya tana nuni da biro. Kujerar Baba, waje. Hotunan tsarkaka da fitilar man zaitun ta Mama, cikin kwali. Leshin da kakata ta saƙa, "ya yi tsufa." Aka kawo farar kujerar haya da ba a yarda mu zauna a kai ba, da littattafan da babu komai a cikinsu, da kwano cike da lemun tsami na roba. Na roba! A gidan Girkawa! Itacen ɓauren da Baba ya raina a tukunya shekara tara kuwa, aka ja shi zuwa lungun da ake ajiye shara, wai yana tare wa mutane kallon kogi.

Na saka baƙar riga mai dogon hannu, na ɗaure gashina baya, ban shafa komai ba sai man leɓe. Mama ta dube ni sama da ƙasa.

"Haka za ki fito? Kamar mai karɓar baƙi a gidan makoki?"

"Wa zai gan ni? Ba a ɗaki za a kulle mu ba?"

"Ki saka jar nan. Ki saka ɗan kunnen kakarki."

"Mama, gida muke sayarwa, ba ni ba."

Ta gicciye ƙirjinta ta yi ƙasa da ido. Ita kuwa cikin baƙin takabarta, amma an je an gyara gashi, har da janbaki. Tun daga nan ya kamata in tsargu.

Wayata ta yi ƙara. Stratos.

"Ina kwana kuklata. Yau ranarmu ce. Ki amince da ni kawai."

Minti biyu, wani: "Kasuwa ba ta da tausayi fa. Duk abin da ya faru, ki saurare ni."

Sai ƙanwar Babana, Tiya Fotini: "Kin yi farce? Ki ce min kin yi farce!"

Na rubuta mata, "Tiya, gwanjo ne ba rawa ba." Ta turo min fuskoki masu dariya guda bakwai.

Ƙarfe goma da rabi lif ya fara zubo mutane. Wajen sittin. Maƙwabtan ƙasa da ke son sanin darajar nasu, 'yan kallo da kofin kofi a hannu, mata suna buɗe mana durowa suna leƙa banɗaki. Mu masu gida, kamar yadda aka saba, aka tura mu ɗakin Baba aka rufe, muna kallon gwanjon kai tsaye ta waya.

Sha ɗaya daidai Stratos ya kaɗa ƙararrawarsa a baranda. Shuɗiyar kwat, takalmi ba safa a tsakiyar sanyin Agusta, takardar cinikin a naɗe a hannunsa kamar sanda. Iska na kaɗa gashin kowa ban da nasa. Ya yabi kogi, ya yabi marmara, ya ce wanda ya kwana a nan ya fi gajimare tsawo. Aka yi dariya. Ya ce wa zai buɗe. Shiru. Kowa ya soma nazarin takalminsa.

Ya buɗe da kansa a madadinmu, miliyan biyar.

Mutum biyu suka taya a cikin sittin. Wata dattijuwa mai furfura da jar jaka, da wani mutum mai tokar jaket da ke ta goge gumi cikin wannan sanyin. Shi na gane shi. Ya zo duba gidan sau biyu, Stratos ya ce min, "Wani ɗan kasuwa ne daga can birnin Brisbane. Ban san shi ba, amma da gaske yake."

Biyar da ɗari ɗaya. Da ɗari biyu. Dattijuwar ta ƙara hamsin. Mai jaket ya ce da ɗari huɗu. Dattijuwar ta girgiza kai ta rataye jakarta.

Shi ke nan. Biyar da dubu ɗari huɗu. Dubu ɗari takwas ƙasa da abin da muka tsayar.

Stratos ya buga takardar a tafin hannu. "Sau ɗaya. Sau biyu." Sai ya yi murmushi. "Jama'a ku ba ni minti biyar, in ji ta bakin masu gida."

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gwanjo a garin nan ya san wannan hutun. Dillali ya shiga ciki, ya rufe ƙofa, ya matse mai gida har ya ce a sallama. Da zarar ya fito ya ce an sallama, ya buga ta uku, magana ta ƙare. Ba fasawa, ba "na sake tunani."

Ya shigo da ƙamshinsa ya cika ɗakin.

"Kasuwa ta yi magana, Kukla."

"Mutum ɗaya ne ya yi magana."

"Mutum ɗayan nan shi ne kasuwa yau." Ya shimfiɗa wata takarda a kan gado. "Ku sa hannu a sauke farashin. In muka bar shi ya shiga lif, wata shida ba za ki sake jin biyar ba. Benen can zai kai hawa sittin kafin Kirsimeti. A lokacin bango za ki sayar, ba teku ba."

Kafin ya rufe baki Mama ta karɓi biro ta rattaba. Ko tabarau ba ta saka ba. Matar da ke karanta rasit ɗin burodi sau biyu!

"Mama!"

"Na gaji, 'yata. Sa hannu mu huta."

"Mun yi magana. Kin rantse min a kan kabarin Baba."

"Babanki ba ya biyan kuɗin kula da benen nan daga kabari."

Stratos ya ɗaga hannu kamar Fada zai sa albarka. "Ku tsaya. Ban so in yi haka a gurguje ba, amma ina so ki san ba ke kaɗai ba ce a cikin wannan."

Ya ja ƙafar wandonsa. Ya durƙusa. A kan kafet ɗin haya, jama'a. A ɗakin da ubana ya cika.

Ya zaro ɗan akwatin zobe ya buɗe, dutsen ya kama hasken taga. Babba ne, ba zan rage masa ba.

"Evanthia, ki aure ni. Ki sa hannu a rufe wannan babin, mu buɗe namu."

Na juya don in ga fuskar Mama. Wayarta na gani a ɗage, tana ɗaukar mu, hawaye na bin janbakin. A hannuna kuma tawa ta yi ƙara. Tiya Fotini: "BARKA AMARYA!!! Turo hoton hannun!"

Ban ce uffan ba tukuna fa. Ko numfashi ban ja ba. Amma a Oakleigh an riga an fara guɗa.

Ga zobe a dama, ga biro a hagu, ga mutum sittin a baranda suna jira. Na ce, "Zan sha ruwa."

"Kukla, minti uku ya rage."

"To ka ƙirga."

Na fita na ja ƙofa.

Falon ba kowa, duk suna waje bayan gilashi. Sai a kicin na tarar da wata mata 'yar gajera, ta goya jaririya a kafaɗa tana ɗumama kwalbar madara a ƙarƙashin famfon ruwan zafi. Ta gan ni cikin baƙar riga ta ɗauka ma'aikaciyar dillalai ce.

"Yi haƙuri 'yar'uwa, iskar can za ta kashe min ita. Don Allah an kusa gamawa? A wurin awa ɗaya muka ajiye mota, kada a manna mana tara."

"An kusa. Mijinki ne mai tokar jaket?"

"Shi ne, Manoli. Kin ga yadda yake gumi? Tun jiya bai ci abinci ba." Ta zagaya kicin ɗin da ido ta yi dariya. "Kai, masu kuɗi! Wannan kicin ɗin kaɗai ya fi gidan da muke haya a nan unguwar Clayton."

Clayton. Ba Brisbane ba. Haya.

Na ajiye kofin a hankali.

Jaririyar ta juyo. Kumatu kamar burodi, farar rigar sanyi. A ƙirjin rigar, an maƙale da ɗan fil kusa da dutsen maganin kambun baka, ga ɗan gicciyen zinari mai shuɗin dutse a tsakiya.

Kun san mu. Uwa za ta iya mantawa da takalmin yaro, da hularsa, da sunan mijinta. Amma ba za ta fito da jaririn da aka yi wa baftisma cikin taron baƙin ido ba tare da gicciyensa ba. Stratos ya shirya komai. Ya canza wa Manoli gari, ya saya masa jaket. Abu ɗaya ya manta: bai isa ya hana uwa Bagirkiya tsoron bakin mutane ba.

Na yi tofi sau uku a iska kamar yadda ake yi wa kyakkyawan yaro. Uwar ta washe baki, "Au, ke tamu ce!" Na kai yatsa na juya gicciyen.

K.

Na ce, "Sannu, Kaliopi."

Kwalbar ta kusa suɓuce mata. "Ya aka yi kika san sunanta?"

"Ni na zaɓar mata wannan. Ya bikin? An ce a Geelong aka yi."

"Geelong kuma? A nan Oakleigh..." Sai ta kama bakinta. Ta dubi baƙar rigata, ta dubi ƙofar da na fito, jinin fuskarta ya tsere. "Wayyo Maryama. Ke ce mai gidan."

"Har yanzu dai."

Na koma ɗakin. Yana nan a tsaye yana duba agogo, akwatin a buɗe a hannunsa kamar mai talla.

"Ga ta nan! To, Kukla?"

"Kaliopi na gaishe ka."

Na rantse muku, murmushin bai gushe ba. Idanun ne kawai suka mutu.

"Ban gane ba."

"'Yar baftismarka. Tana kicin tana shan madara. Ubanta ɗan kasuwar Brisbane ne da ke haya a Clayton, wanda ba ka taɓa gani ba. Ka tsoma masa 'ya a ruwa a gaban Allah, amma ba ka san shi ba."

"Rage murya."

"A gidan ubana?"

"Manoli na da 'yancin taya gida kamar kowa."

"Da kuɗin wa? Mutumin da ke tsoron tarar fakin zai fitar da miliyan biyar?"

Ya rufe akwatin, ƙas. Ya matso, muryarsa ta koma irin wadda yake lallashin tsofaffi da ita. "Saurare ni. Namu zai zama. Manoli ya riƙe na ɗan lokaci, bayan biki a juya takardu. Mamanki ta samu gidanta a Oakleigh. Ke ki ci gaba da kwana a gidan Babanki, ki mayar da ɓaurenki baranda. Gidan bai bar dangi ba. Wa ya yi asara?"

"Yau rabin gidan nan nawa ne. In ka buga takardar can, me zai zama nawa?"

Ya buɗe hannuwa. "Ni."

Na yi dariya har sai da na dafa bango.

"Kai? A zaftare dubu ɗari takwas daga gumin ubana a ba ni kai a canji? Da takalmi ba safa? Stratos, ko kyauta aka haɗa min kai da firji sai na tambayi ko ana mayarwa."

"Evanthia!" in ji Mama.

"Wata takwas kana kawo min furanni kana auna faɗin baranda. Mutum nawa suka kira suna son gidan ka ce musu bene zai rufe teku? Likitan nan da ya zo sau uku da matarsa, ina ya shiga? Kai muke biya ka tsaya mana, ashe kai ne a ɗaya gefen teburin!"

"Ki yi tunani da kanki, ba da fushi ba." Yanzu haƙoran sun ɓuya. "In na fita na ce bai sayu ba, gobe yana cikin jerin gidajen da suka kasa. Duk mai saye a garin nan zai shinshino jini. Za ki roƙi biyar ba ki samu ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Na dubi takardar. Hannun Mama na kwance a kai, gurbin nawa na jira. Na tuna tafin Baba, yadda siminti ya cinye masa zanen yatsu har wayarsa ba ta gane shi.

Na ɗauki takardar na ninke ta na zura a aljihu.

"Wannan ta lauya ce. Fita ka faɗa musu."

"Ba zan fita in kashe cinikina ba."

"To matsa."

Masu gida ba sa fitowa a gwanjo. Ba a yi. Da na tura ƙofar gilashin iska ta mare ni, kawuna sittin suka juyo, wayoyi suka ɗaga. Na hangi ƙararrawarsa a kan tebur na ɗauka na kaɗa, ko don in ji ƙarfin hannuna.

"Sunana Evanthia. Ubana ne ya zuba simintin da kuke tsaye a kai. An taya biyar da ɗari huɗu, mun gode, albarka. Ba a sallama ba."

Guna-guni ya tashi. Na nemo mai tokar jaket da ido. Yana ƙoƙarin ɓuya a bayan wata tukunyar furen roba.

"Manoli! Ka gaida gida. Gicciyen ya yi wa Kaliopi kyau, ni na taya uban baftismarta zaɓa." Na nuna Stratos da ya biyo ni bakin ƙofa. "Ga shi nan, in kun manta juna in gabatar da ku."

Wani tsoho daga hawa na arba'in ya fashe da dariya har kofi ya zubo masa a riga. Dattijuwar mai jar jaka ba ta yi dariya ba. Ta dubi Stratos tsawon lokaci, irin kallon da ake yi wa abin da aka tako a titi.

Cikin minti goma sha biyar gidan ya zama wayam. Stratos ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin lif yana gyara wuyan riga.

"Kin jefar da miji da miliyan biyar a safiya ɗaya."

"Ka manta ƙararrawarka."

Na cilla masa. Bai cafe ba. Ƙofar lif ta rufe, ƙararrawar tana ta ƙara a ƙasa.

Na cire takalmi na nufi lungun shara. Ni kaɗai na jawo tukunyar ɓauren nan, ina ja ina haki, ta bar dogon layin ƙasa a kan farin kafet ɗin haya. Su cire a kuɗinsu. Na mayar da shi kusurwarsa, inda rana ke fara sauka. Na kwashe lemun robar na zuba a kwandon shara ɗaya bayan ɗaya. Wayata na ta kuka: Tiya Fotini sau tara, uwar Stratos sau huɗu, wata lambar da ban sani ba. Na kife ta.

Sai a lokacin na lura da shirun Mama.

Tana zaune a kan farar kujerar da aka hana mu, jakarta a cinya. Wani abu ya fara damuna. Mamata, wadda in an ce wane ya yi tari sai ta tambayi sunan kakarsa, ta ji duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ta ce "wace ce Kaliopi?" ba. Ba ta ce "wane Manoli?" ba. Sunana kawai ta kira, a lokacin da na zagi takalminsa.

"Kin kunyata ni," ta ce. "Gobe da wace fuskar zan shiga coci?"

"Ni na kunyata ki? Ba wanda ya zo sace mana gida ba?"

Ta fashe da kuka, ta buɗe jaka tana lalube. Ta jawo hankici, wani abu ya biyo shi ya faɗo kan kafet.

Ɗan fil ne mai ribon ruwan hoda da ƙaramin gicciye, irin wanda ake maƙala wa duk wanda ya halarci baftisma a ƙirji. Na riga ta kai hannu. A jikin ribon ɗin an rubuta da ruwan zinari: Kaliopi.

Na daɗe ina kallonsa.

"Mama. Ranar Lahadin nan da kika ce min kin je addu'ar arba'in ɗin mijin wata ƙawarki."

Ba ta ɗago ba.

"Kin san Manoli."

"Na san uwarsa tun a jirgin da ya kawo mu daga Girka."

"Kin san shirin."

"Na san ina tsufa!" Ta buga jakar a cinya. "Na san in na mutu za ki zauna a saman nan ke da itace! Ya ce zai riƙe ki, zai riƙe gidan. Me kuɗi zai yi miki in ba kowa a gefenki? Na yarda in yi asarar rabona don ki samu mutum."

"Ba rabonki kaɗai kika bayar ba. Kin haɗa da nawa. Kin haɗa da ni."

"Don ke na yi."

"Kin tambaye ni?"

Can ƙasa tarago ya wuce, ƙararsa ta iso mana kamar daga wata duniya. Na ajiye fil ɗin a kan teburin gilashi a tsakaninmu.

"Ranar Litinin zan kai takardar nan wurin lauya. Zan canza dillali. Gidan nan ba zai fita ƙasa da abin da muka rantse ba, ko zan shekara ina cin burodi da zaitun. Maganar Stratos kuma ta mutu, ki faɗa wa Tiya ta daina guɗa."

Mama ta share hanci. Ta ninke hankicin gida huɗu, ta gyara zama, ta dube ni da idon nan da ta saba dubana da shi tun ina 'yar shekara biyar in na ce ba zan sha magani ba.

"Ba za ta mutu ba, 'yata."

"Saboda me?"

"Saboda Fada ya riga ya rubuta ranar ɗaurin auren. Asabar ta biyu ga Fabrairu." Ta sake buɗe jakar, ta zaro wani farin katin gayyata mai bakin zinari, ta ɗora shi a hankali kusa da fil ɗin. Sunana ne a jiki, da nasa. "Kuma ɗari huɗu irinsa sun tafi gidan waya tun ranar Laraba."